Kawu Arzika da Baƙin Gamzaki

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san cokalin nan. Ɗan cokalin shayi ne na ƙarfe, kullum yana aljihun gaba, inda mutanen kirki ke sa biro, kuma ba abinci yake ci da shi ba. Ƙwanƙwasa abubuwa yake yi. Ka tsaya gaishe shi kana kan babur, kafin ka gama "ina kwana" ya ƙwanƙwasa tankin, ya kara kunne, ya ce, "Wanga tanki shina da murya, amma tun da ka saye shi bai taɓa ƙoshi ba." Tukunya, randa, ƙyauren shago, butar liman, babu wadda ta tsira. Ranar ɗaurin auren ƙanwata ya ƙwanƙwasa kan ango a gaban jama'a, ya saurara, ya ce, "To, Allah shi ba da zaman lahiya." Har yau surukin namu yana tambayata abin da Kawu ya ji.

Ni ne Bawa mai gurmi, ɗan yayarsa, ga wanda bai gane ni ba. Abin da ya sa nake wannan magana shi ne, tun da ya rasu na ga bakuna sun buɗe a Bagudo. Kowa abokinsa ne, kowa ya daɗe da gane cewa mutum ne mai basira. Ina jinku, kuma wallahi raina ɓaci yake yi. Ku bari in tuna maku yadda aka yi, tunda ina wurin.

Kawu mai gyaran rediyo da fitila ne a kasuwa, waƙa kuwa ciwonsa ce. Mu uku ne a ƙungiyar: shi mai rubutawa da rerawa, ni da gurmi, sai Sanda tela mai piyano. Ba mu da ubangida, ba mu waƙar siyasa, ba mu roƙo a biki, wato dai ba mu da komai. Wata rana ya tara mu a shagonsa ya ce zai yi albam guda, waƙa tara, amma labari ɗaya. Wasu mutane ne masu ido uku daga tauraron Gamzaki, mai ya ƙare wa kumbonsu, suka faɗo cikin fadama tsakaninmu da bodar Binin. Daga nan sai abin da ya same su a hannunmu: 'yan gwangwan suna taya kumbon a kilo, mai sayar da kwalli yana murna ya samu masu ido uku, wani ɗan takara yana yi masu alkawarin rijiya in sun zaɓe shi. Muka yi dariya har Sanda ya faɗo daga benci. Sunan albam ɗin Baƙin Gamzaki.

Kun san Kawu da riƙo. Aka ce a je Birnin Kebbi a kama sutudiyo, ya ce shi ba zai biya wani ƙato don ya danna maɓalli ba. Ya kori kajin matarsa Inna Kulu daga ɗakinsu, ya manne bangon da kwalayen ƙwai, ya ce ga sutudiyo. Muryar baƙin kuwa ta bayan fanka yake rera ta, don ta riƙa rawa. In an ɗauke wuta, ni ke juya fankar da sanda, ina zufa, shi yana ce mani in daidaita hannu, wai baƙin nasa sun fara magana kamar masu masassara.

Da aka zo kan ƙarar kumbo, Sanda ya ce ai piyanonsa yana da ita, ya danna mana, ta fito tas kamar a fim. Kawu ya girgiza kai.

"Wanga kumbon masu kuɗi ne. Baƙina talakawa ne, nasu sai an tura shi."

Ya sa na goya shi har fadamar Bahindi, wurin wani manomin albasa mai tsohon injin ban-ruwa da ke tari kafin ya tashi. Muka wuni a rana muna ja, injin yana ƙi, Kawu yana riƙe da waya yana ɗaukar ƙarar yana jin daɗi. Da injin ya kama sosai sai ya ce a kashe, ya lalace, ya yi lafiya da yawa. Manomin ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga tsoho naku ne, ko tsintarsa ka yi?"

To a nan rigimar take. Da aka gama, Kawu ya haɗe waƙoƙin tara ya mai da su abu guda, dogo, ya kusa awa, ba inda za ka danna ka tsallake. Muka ce Kawu ba haka ake yi ba. Ya ce labari ne, ba soyayyar gyaɗa ba ce da za a riƙa tsinta ɗai-ɗai. Kuma ya faɗa mani abin da yake nema, ban manta ba, muna zaune a ƙofar ɗakin kajin.

"Mutum guda nika so, Bawa. Ban ce gari ba. Mutum guda shi zauna, shi ji tun daga faɗowarsu har ƙarshe, sannan shi zo shi gaya mani abin da ya gani. Ko zagi ne ina so."

Na ce ai ni da Sanda mun ji.

"Ku kunka kaɗa. Ba ku cikin lissahi."

Inna Kulu ma ya ce ba ta ciki, don ita ta ji ne ta katanga, kuma tana jin haushin kajinta.

Kun san yadda waƙa ke yawo a garin nan. Sai ta bi ta hannun masu tura waƙa a waya, su ne ƙofa. Muka kai wa Nasiru, wanda ke zama ƙarƙashin lema a bakin tasha da kwamfutarsa. Ya duba tsawon abin ya yi tsaki.

"Baba, wa za ya zauna ma wanga? Mutane kahin waƙa ta kai tsakiya sun danna gaba."

Kawu ya ce a tura ta yadda take ko a bar ta. Nasiru ya ce to. Muna juya baya ya yanko waƙa ta huɗu, ya jefar da sauran. Ita ce wadda kuka sani, inda mai tsaron shinge ya tare baƙin yana tambayar takardunsu, ya ce hoton da doka ta sani ido biyu ne, sai dai su rufe ɗaya. Nasiru bai tsaya nan ba, ya liƙa muryarsa a farko yana tallar shagonsa. Kafin wata ya zagayo waƙar ta cika gari. 'Yan kabu-kabu suna sa ta, ana rawarta a biki, yara suna rufe ido ɗaya in sun ga mai kaki. Har tsallaken boda ta je, ana kiranta waƙar Nasiru.

Na ɗauka Kawu zai fasa kwamfutar. Ina. Shagon Sanda ya je, ya tsinci ƙafar wando guda cikin ƙyallaye, ya ninke ta da kyau a leda, ya kai wa Nasiru a gaban mutane.

"Ga wando na kawo maka, tukuici."

Nasiru ya warware ya ce, "Baba, ai ƙahwa guda ce."

"Ita ce mai kyau. Sauran tsawo ne kawai, wa za ya zauna mashi?"

Tasha ta kwashe da dariya. Nasiru ma ya yi dariya, ya rataye ƙafar wandon a jikin lemarsa, ya ci gaba da tura ta huɗu. Abin da ke ƙona mani rai ke nan da mutanenmu, kowace magana in ta yi zafi sai a mai da ita raha, an gama da kai.

Sai masu sharhi suka taso. Wani dattijo a unguwarmu ya tare Kawu bayan sallar azahar ya ce ya ji an ce waƙar aljanu yake yi, ya ji tsoron Allah. Kawu ya ce, "Malam, aljanin da mai ka ƙare ma, ai abin tausai ne." Yaran intanet kuma suka yi ta rubutu. Wani ya ce abin kunya ne a ce daga Kebbi wannan ya fito, wani ya ce kiɗan kamar injin niƙa. Na karanta masa duka, bai motsa ba sai da na zo kan injin niƙan. Nan ya miƙe tsaye.

"Injin ban-ruwa ne, jahilai. Rubuta masu."

Na rubuta masu. Suka mayar da maganar abin tsokana, aka yi kwanaki ana kiransa Baba Injin Ban-ruwa.

Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne shirin rediyo. Wani mai gabatarwa a Birni, ba zan kama sunansa ba, ya tara baƙi biyu suka zauna kan Baƙin Gamzaki. Muka taru a shago muna saurare, Kawu har ya sa sabuwar hula, kamar za su gan shi. Ɗaya ya ce shirme ne, babu faɗakarwa a ciki. Ɗayan ya ce kwaikwayon Turawa ne, mu a al'adarmu ba mu san wasu mutanen tauraro ba. Mai gabatarwar ya rufe da cewa aiki ne na wasa, bai da zurfi, bai da alƙibla, kuma yana ba mawaƙin shawara ya koma ya koyi yadda ake ƙare labari. Kawu ya cire hular ya aje a gwiwa. A rediyon da ya gyara da hannunsa ya ji wannan.

Da gari ya waye ya ce in tada babur, Birni za mu. Na ce Kawu a bar maganar nan. Ya ce ba faɗa zai je ba, mutumin ya ce ƙarshen bai yi ba, ke nan ya ji ƙarshen, kuma shi yake nema tun tuni. Wallahi da murna ya hau babur ɗin. Muka sha hanya, muka sha zaman benci, har mutumin ya fito yana kaɗa makullin mota. Kawu ya gaishe shi da ladabi.

"Ranka shi daɗe, ni ne mai baƙin. Zagin na ji, ban zo ramawa ba. So nike ka gaya mani, can ƙarshe, wane wuri ne bai yi maka ba?"

Mutumin ya gyara tabarau. "Eh to, Baba, ai irin wannan labari kowa ya san inda yake zuwa. An kama su a shingen, ko? An tsare su."

"Nan anka ƙare?"

"Nan dai wadda aka turo mani ta tsaya."

Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya kaɗe rigarsa. "To na gode. Na ɗauka ni ka zaga, ashe Nasiru ka zaga. Zan isar mashi."

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka hau gadar gulbi ya matso kusa da kunnena ya ce, "Da ya ji duka ya ce banza ce, Bawa, da na saya mashi lemo."

Duk da haka bai haƙura ba. Ya ce tunda mutane ba za su zauna da kansu ba, shi zai zaunar da su. Ya ari kujeru da amsa-kuwwa, ya sa aka dafa shinkafa da kifi, shi da ko goro sai ya raba huɗu yake ba mutum. Ya gayyaci unguwa kaf. Da yawanku kuna wurin, kada wanda ya sunkuyar da kai yanzu. Dabararsa ita ce a saurara tukuna, a ci daga baya. Inna Kulu ta ce sam.

"A gidana ba a aje baƙo da yunwa ana sa mashi ƙarar inji. In kai ba ka jin kunya, ni ina ji."

"Kulu, in sunka ci tahiya za su yi."

"To su tahi. Ba dai a ce gidan Arzika an yi garkuwa da tuwo ba."

Ita ta yi nasara, kamar kullum. Aka ci aka siɗe hannu, aka kunna. Ta ɗaya da ta biyu ana hira, ta uku ana sakace, ta huɗu na shigowa wuri ya kaure, aka tashi ana rawa. Tana ƙarewa aka ce a maimaita. Kawu ya tsaya gaban na'urar ya buɗe hannuwa ya ce ba a maimaitawa, gaba za a ci. Sai wannan ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, wancan ya tuna ana jiransa a tasha. 'Yan kaɗan da kunya ta riƙe, kiran la'asar ya cece su, suka ce bari su yi salla su dawo. Har yau suna dawowa.

Mutum guda ya rage, Baba Noma mai kayan miya, yana zaune a kujerar gaba, kansa sunkuye, bai ko motsa ba har aka kai ƙarshe. Kawu ya kashe na'urar. Ya je ya durƙusa gabansa, ya taɓa gwiwarsa a hankali. Baba Noma ya buɗe ido ya share baki ya ce, "An fara?"

Kawu ya yi dariya, har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Daga ranar ya ɓamɓare kwalayen ƙwan, ya mayar wa Inna Kulu ɗakin kajinta, bai sake kiranmu gwaji ba. In an yaba masa waƙar shinge sai ya ce madalla ya ci gaba da ɗaure wayar rediyo. Da damina ta kama ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba.

Abin da ya biyo baya ku ma kun gani. Mai gabatarwar nan ya buɗe shirinsa da cewa jiha ta yi rashin gwarzo mai hangen nesa, wanda ya riga zamaninsa. Don girmamawa ya sa ta huɗu, da tallar shagon Nasiru a kanta. Yaran intanet suka cika waya da kuka, suna cewa ba a san darajar mutum sai ya tafi, kuma hoton da suka liƙa na Sanda ne. Sanda yana kan keken ɗinki 'yan'uwansa na Sharabi suka iso suna salati.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida kan tabarmi, ana ta wannan yabo. Sai ga wata dattijuwa ta sauka daga kabu-kabu, baƙa, kakkaura, da kwando a kai, ƙamshin bandar kifi yana binta. Hausarta da jin ta ka san Dendi ce ta tsallaken boda. Ta tambaya a kasuwa aka nuna mata gidan, ba wanda ya gaya mata komai. Ta sauke kwandon, ta yi sallama a gaggauce.

"Ina mai waƙar mutanen tauraro? Faɗa na zo mu yi da shi."

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce ɗanta ne ya saya mata tsohuwar waya a kasuwarmu, ashe wadda Kawu ya sayar ce bayan ya rushe sutudiyo, ba komai a cikinta sai albam ɗin nan guda. Ita kuwa in ta zauna gaban banda wuni take yi, hannu duk mai da toka, ba ta taɓa waya. In ta kunna sai ya ƙare don kansa. Ta ji shi ya fi a ƙirga, ta yi dariya har maƙwabta sun leƙo, amma kullum in an zo ƙarshe sai ta rasa sukuni.

"Kun cika ma baƙin nan jirginsu da buhunan shinkafa da albasa a kai maku kasuwar sama, jirgi ya kasa tashi, sai anka sauke ƙaraminsu anka ce shi jira, za a dawo. Shi ke nan? Yaro shina bakin gulbi, kullum shina kira da harshensu, masu wucewa suna dariya suna cewa shi ƙara, waƙar ta yi daɗi. Haka ake yi? Ni na haihu, ba a barin ƙarami haka. Ku kira shi, shi koma shi gyara."

Nasiru yana gefena. Bai daɗe da gama gaya wa mutane cewa shi ya haddace albam ɗin kaf ba. Ya juyo ya ce mani a hankali, "Wane ƙarami?"

Ban ko dube shi ba. Na ce, "Inna, mai waƙar kawuna ne. Zaman makokinsa ne kika tarar."

Ta dubi tabarmin, ta dubi fuskokinmu, sai a lokacin ta gane. Ta yi salati, ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ja mayafi ta rufe baki. Sannan ta yi mana gaisuwa yadda ya kamata, ta tura mani kwandon kifin, ta ce nasa ne, ta kawo ne don in sun gama faɗa su shirya. Da ta miƙe za ta shiga wurin Inna Kulu, sai ta tsaya a bakin zaure ta waiwayo.

"To yanzu wa za ya ɗauko shi?"

Ni da nake da bakin magana, na tashi na zagaya bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kawu, mutum gudan ta zo. Ta ji duka, kuma da faɗa ta zo, irin wanda kake so. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya sa inda ka sauka an tarbe ka, ba a bar ka kana jira ba. Amin.